Rake Ɗaya, Tukunya Biyu: Magana a kan Masu Ɗanɗana Barasar Rake, da Abin da Ya Wajaba a kan Masu Mazarƙwaila

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya fitar da kara daga laka, ya fitar da zaƙi daga kara. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, wannan takarda ce zuwa ga malamai da almajirai na Dawanau da Dawakin Tofa da ƙauyukan da ke kewaye da su, da duk wanda ta isa hannunsa.

Ku sani, ya 'yan'uwa, labari ya yawaita a bakin samari cewa a ƙasashen Turawa akwai mutane waɗanda sana'arsu ita ce ɗanɗana barasar rake, wadda suke kira ram. Su kan jera ƙananan kofuna, wannan daga Jamaika, wannan daga Kuba, wannan daga Martinik, su dubi launi, su sansana, su ɗanɗana, kana su rubuta hukunci su ce wannan ta fi wannan, kuma kuɗin kwalba ya hau ko ya sauka bisa abin da suka rubuta. Almajirai suna tambaya mene ne wannan abu, kuma mene ne hukuncinsa. Waɗansu malamai su kan ce haram ne, su ja bakinsu su yi shiru. Hukuncin daidai ne, amma jawabin ya gajarta. Abin da muke gani shi ne, barasar haram ce, ɗanɗana ta haram ne, kuma tarihinta cike yake da jinin kakanninmu. Amma ladabin da mutanen nan suka yi wa rake, na aunawa da gwadawa da kiran kowane abu da sunan ƙasarsa, mu muka fi cancanta da shi, domin muna da halal daga wannan rake ɗin, watau mazarƙwaila, mun bar ta ba suna, ba ma'auni, ba daraja.

Fasali na farko, a kan asalin rake da yadda barasa ta fita daga cikinsa

Rake ba shukar Turawa ba ne. Asalinsa tsibirin Niyu Gini ne can gabas mai nisa, mutanen Hindu ne suka fara dafa ruwansa har ya daskare ya zama sukari, daga gare su Farisawa suka koya, daga Farisawa Larabawa suka ɗauka. Kalmar sukari da muke faɗa ta wannan hanya ta biyo har ta iso bakinmu. Musulmi ne suka shuka rake a Masar da Sus ta ƙasar Maroko da Andalus da tsibirin Sikiliya, kuma a hannunsu mutanen Turai suka san shi. A shekara ta 1493 Kolumbus ya ɗauki irinsa ya ƙetare teku da shi zuwa tsibiran yamma, sa'an nan mutanen Fotugal suka cika gaɓar Birazil da shi.

In an dafa ruwan rake domin a tsame farin sukari, akwai wani baƙin maɗi mai kauri da ke saura, wanda ba ya daskarewa. Masu gonakin nan suka ga in an zuba masa ruwa an bar shi ya kan tsima ya yi kumfa, in kuma an ɗora tsimin a tukunyar tagulla an tare tururinsa ya huce, sai ya fita ruwa garau mai tsananin sa maye. Wannan ita ce ram. A tsibirin Barbados aka fara jin labarinta wajen shekarun 1640, kuma sunan da suka fara ba ta ma'anarsa mai kashe shaiɗan, saboda zafinta. Yawanci a cikin kashi 100 na kwalba, kashi 40 ko fiye shi ne abin da ke gusar da hankali. Sojan ruwa na Ingila sun riƙa raba wa ma'aikatan jirgi ita kowace rana, ba su bari ba sai ran 31 ga watan Yuli 1970, da suka ga mai maye ba ya iya riƙe injunan jiragen zamani.

Fasali na biyu, a kan abin da masu ɗanɗano ke bambancewa

Mun karanta abin da suka rubuta, mun ga bambancin da suke nema yana komawa ga abu huɗu. Na farko, abin da aka tsima: mafi yawan ƙasashe baƙin maɗi suke tsimawa, amma Martinik da Birazil da ƙauyukan Hayti ɗanyen ruwan rake suke tsimawa, saboda haka suke cewa tasu tana da ƙanshin ɗanyen kara. Na biyu, tsawon tsimi: a Kuba kwana ɗaya ko biyu, sai ta fita marar nauyi, a waɗansu gidaje na Jamaika mako biyu ko fiye, har su kan mayar da dagwalon tukunyar jiya a cikin tsimin yau, sai ta fita da wari mai ƙarfi wanda suke kamantawa da ayaba da ta nuna ta wuce. Na uku, tukunya: akwai tsohuwar tukunya da ake ɗorawa a sauke, akwai doguwar hasumiya ta ƙarfe da aka ƙago wajen 1830 wadda ba a kashe wutarta, kuma a Gayana, bakin kogin Demerara, akwai tukwane na katako da suka haura shekara 200. Na huɗu, ajiya a gangar itace shekara da shekaru, wadda ke ba ta launi, kuma a ƙasar zafi abin da ke tsanewa daga ganga kowace shekara ya ninka na ƙasar sanyi.

To, ba mu kawo wannan domin mu kwaɗaitar da kowa ba, shi ya sa ba mu ambaci sunan kamfani ko ɗaya ba. Abin lura shi ne abin da suka yi bayan sun san bambancin nan: sun ɗaure shi da doka. A 1996 gwamnatin Faransa ta yi dokar sunan Martinik, ta iyakance gonakin da za a sari raken, da watannin sara, da irin tukunya, kuma sai wata ƙungiya ta masu ɗanɗano ta yarda kafin a rubuta sunan tsibirin a jikin kwalba. A 2001 Birazil ta keɓe sunan kashasa ga abin da aka yi a ƙasarta kaɗai. A 2016 Jamaika ta yi rajistar nata suna. Kuma da waɗansu kamfanoni suka riƙa zuba sukari da ƙonannen maɗi domin sabuwa ta yi kama da tsohuwa, masu ɗanɗanon nan ne suka auna, suka tona asirinsu. Ku duba, ya malamai, mutane suna tsare gaskiyar ma'auni a kan abin da Allah ya haramta, mu kuwa muna sakaci da ita a kan abin da ya halatta.

Mas'ala

In almajiri ya ce, ai mai ɗanɗano ba ya haɗiya, tofarwa yake yi, shin wannan bai zama kamar mai azumi da ya ɗanɗana miya ba? Sai mu ce masa ƙiyasin nan bai yi ba. Miya halal ce mai tsarki, lokaci ne ya hana ta. Barasa kuwa a mazhabar Imamu Malik, duk abin da mai yawansa ke sa maye kaɗan ɗinsa ma haram ne, ko daga inabi yake, ko dabino, ko dawa, ko rake, kuma najasa ce a wurin jamhurun malamai, ba a sa najasa a baki da gangan. Umurnin da ya zo a Suratul Ma'ida na nisanta ne, wanda ya fi hana sha faɗi. Bayan wannan kuma, aikin mai ɗanɗano talla ne, domin hukuncinsa shi ke sayar da kwalba. Amma ruwan rake da aka matse yanzu halal ne matuƙar bai tsima ba, haka kuma baƙin maɗi, mutanen Sa'idin Masar suna cin sa da gurasa suna kiran sa baƙar zuma. Sai dai bai halatta ka sayar da ɗayansu ga wanda ka tabbata barasa zai yi da shi ba, kamar yadda malamai suka faɗa a kan mai sayar da inabi. Kuma ko wanda ba ya bin hukuncinmu ya ji wannan: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙirga mutum wajen miliyan 2.6 da barasa ta yi sanadin mutuwarsu a 2019 kaɗai.

Fasali na uku, a kan jinin da ke cikin kwalbar

Masu jera kofuna suna yawan zancen ƙasa da ruwa da iska, ba su cika zancen hannun da ya sari raken ba. Gonakin rake na tsibiran yamma da Birazil da bayi aka noma su, kuma waɗanda aka loda a jirage daga Afirka a tsawon cinikin nan sun kai wajen miliyan 12 da rabi. Barasar kanta ta zama kuɗin sayen mutane. Jiragen Rod Ailan ta Amurka su kan ɗauko baƙin maɗi daga tsibirai, a dafa shi ya zama ram, a kawo ta gaɓar Afirka ta Yamma a musanya da bayi, a kai bayin su noma wani raken. Mutanen Birazil kuwa su kan kai kashasa Luwanda, su kawo taba wadda aka shafe da maɗi zuwa Wida da Ikko.

Kada wani ya ce wannan labarin mutanen kudu ne. A farkon ƙarni na 19, sa'ad da yaƙe-yaƙe suka yi yawa a ƙasar Hausa da ƙasar Yarabawa, an kama Hausawa da yawa, aka bi da su hannu zuwa hannu har bakin teku, suka faɗa Bahiya ta Birazil, ƙasar rake. Kuma gaskiya ɗaya ce, ba Bature ne ya shigo har nan ya kama su ba, waɗanda suka sayar da su baƙaƙe ne irinsu. A 1807 hukumar birnin Salbado ta gano shirin tawaye na bayi Hausawa, a 1814 suka sake tashi, sa'an nan a watan Janairu 1835, cikin goman ƙarshe na Ramadan, Musulmin birnin, mafi yawansu Yarabawa tare da Hausawa, suka fito da fararen riguna suka yi yaƙi a tituna har aka rinjaye su. A jikin waɗanda aka kashe an sami layu da takardu da rubutu irin wanda kuke yi a allo, kuma takardun nan suna ajiye a Bahiya. Birazil ba ta 'yanta bayi ba sai 1888. Almajirin da ya ji ana yabon kashasa, ya tuna almajirai ne irinsa suka sari rakenta.

Daga baya Turawa da kansu suka taru a Burasel a 1890, suka yi alkawarin hana shigar da barasa mai ƙarfi ƙasashen Afirka da ba su saba da ita ba, Arewacin Nijeriya ya shiga cikin wannan hani, alhali a kudu harajin barasa ya zama babban kaso na kuɗin gwamnatinsu. A zamaninmu Jihar Kano ta ƙaddamar da shari'a a 2000, ta kafa Hukumar Hisba da doka a 2003. Saboda haka ƙofar hani an tsare ta gwargwadon hali. Ƙofar da aka bari a wofi ita ce ta halal.

Fasali na huɗu, a kan mazarƙwaila da 'yan'uwanta na duniya

Rake ɗaya ne, tukunya ce biyu. Wanda ya matse rake ya bar ruwan ya kwana, ya kama hanyar barasa, domin ruwan rake ba ya jira, da zafin ƙasarmu kafin yini ya ƙare ya fara tsami. Wanda kuwa ya matse ya ɗora a wuta nan take, ya kwashe kumfa, ya yi ta juyawa har ya yi kauri, ya zuba a ƙananan kwanoni ya daskare, shi ne mai mazarƙwaila. Injin matsa rake da doki ke juyawa ya yaɗu a ƙasar Zazzau a zamanin Turawa, kuma ƙasar Maƙarfi ta yi suna da rake da mazarƙwaila har ba a raba sunanta da su. Abin da rake mai nauyin kilo 100 ke bayarwa bai wuce wajen kilo 10 ba, ko sama da haka kaɗan, saboda haka kowane dunƙule da kuka gani gumi ne mai yawa.

Wannan abu ba namu ne mu kaɗai ba. A Indiya, wadda ta fi kowa yin sa, suna kiran sa gur, kuma na garin Kolhafur yana da rajistar suna, ba mai sayar da na wani gari da sunansa. A Kolombiya, wadda ke bin Indiya, suna kiran sa fanela, suna narka shi a ruwan zafi su sha da safe, kuma dubban ƙananan manoma da shi suke ci. A Birazil rafadura, a Meziko filonsiyo, a tsibiran Okinawa na Japan kokuto, wanda kowane tsibiri ke sayar da nasa da sunansa, mai saye ya san wannan ya fi ɗaci-ɗaci, wannan ya fi laushi. Waɗannan duka mazarƙwaila ce da wani suna. Abin da ya raba su da tamu ba zaƙi ba ne, kulawa ce: suna tace ruwan kafin dafuwa, a Indiya su kan sa yauƙin kuɓewa domin ya tattaro datti ya taso sama a kwashe, a Kolombiya yauƙin ɓawon itace, sa'an nan su naɗe ta a rubuta nauyi da gari.

Mu kuwa fa? Ƙasar nan tana shan sukari fiye da tan miliyan ɗaya da rabi a shekara, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 daga waje aka riƙa kawo shi shekara da shekaru, mafi yawa ɗanye daga Birazil ɗin nan da muka ambata, a tace shi a Ikko, a loda a mota a kawo mana. An buɗe masana'antar Bacita a 1964, an yi ta Numan, an buɗe ta Sunti a 2018, an kafa hukumar bunƙasa sukari a 1993, an yi babban shiri a 2012, duka domin farin sukari na manyan gonaki. Mai doki da kasko ba a cika tunawa da shi ba. Har ta kai yaro ya kan ji kunyar a gan shi da mazarƙwaila, wai abin ƙauye ne. Jikokin waɗanda aka kai su sari rake a Birazil, yau suna aika kuɗinsu Birazil su sayo zaƙi, nasu yana narkewa a faifai ƙudaje na bi.

Fasali na biyar, a kan dalilin da ya sa muka ce Dawanau

Ƙasarmu ta nan ba ta da daji. Gona na jingine da gona, gado ya rarraba ta, ba a hutar da ita, taki ma sai an ɗauko daga birni. Rake kuwa yana son ruwa, yana kuma riƙe ƙasa wajen shekara guda, saboda haka ba shi da wuri sai fadama da bakin madatsun ruwa, kamar Watari ta Bagwai da ƙasar Kura da ke shan ruwan Tiga. Mai 'yar fadama ba zai taɓa yin gasa da mai gona ta tafiyar yini ba a wajen yawa da araha. Ba shi da makami sai kyau da suna. Wannan shi ne darasin Martinik, tsibirin da bai kai ƙasar Kano kashi ɗaya cikin goma ba, amma sunansa ya sa ana biyan kayansa fiye da na manya.

Kuma ilmin ɗanɗano ba baƙo ba ne a nan. Tun da aka kafa kasuwar Dawanau a 1985 ta zama uwar kasuwannin hatsi ta Afirka ta Yamma, riɗi na fita daga nan zuwa Japan da Sin da Turkiyya, zoɓo zuwa Meziko. Ku tsaya ku dubi dillali sa'ad da ya soka ƙarfe a buhu ya zaro samfur, ya murza a tafi, ya hura, ya jefa ƙwaya a baki ya ciza, sai ya gaya maka ko ta bushe, ko ta bana ce, har ya gaya maka ƙasar da ta fito. Wannan mutum bai gaza mai kofunan Turai da kome ba, sai dai shi ba a rubuta hukuncinsa. Kakanninmu ma da sunan ƙasa suke ciniki: goron Gwanja, gishirin Bilma, dokin Barno, kuma ga albasar Galmi a zamaninmu, wadda sunanta kaɗai ke sayar da ita har bakin teku.

Mun kuma ɗanɗani ɗacin ɓacin suna. A 2015 Tarayyar Turai ta rufe ƙofarta ga busasshen wake na Nijeriya saboda maganin ƙwari da aka samu ya wuce kima a cikinsa. Ba kowa ya zuba ba, amma da yake buhu ba ya ɗauke da sunan mai shi, laifin ya hau kan kowa. Wake ɗaya ke ɓata gari.

Fasali na shida, a kan abin da muke kira a yi

Na farko, a riƙa zaman gwaji sau ɗaya a shekara da kaka ta rake, a bainar jama'a, a kawo mazarƙwaila daga kowane gari, a rufe sunan mai ita da lamba domin kada sanayya ta shiga, a zaɓi dattawa masu gaskiya daga dillalai da masu shayi da mata masu kunu da alewa, domin su ne suka fi kowa sanin ta. Sai an gwada a kan san na ƙwarai.

Na biyu, gwajin ya bi hanya biyar. Ido ya dubi launi, ko ja ne mai haske ko baƙi na ƙuna. Hannu ya karya, a ga ko ta bushe tana da tsaki-tsaki, ko tana danƙo tana jiƙa takarda, domin mai danƙo ba ta jure damina. Hanci ya nemi warin hayaƙi da na tsami, domin tsami shaida ne cewa rake ya kwana bayan sara ko ruwan ya jira wuta. Harshe ya rarrabe zaƙi mai tsabta da mai ɗaci ko gishiri-gishiri. Na ƙarshe, a narka gutsure a kofin gilashi a bar shi ya kwanta, abin da ya zauna a ƙasa na yashi da toka da ɓawo shi ne shaidar da ba ta karɓar rashawa. Kuma kada a ruɗu da haske kaɗai, domin a Indiya an san masu zuba wani farin garin magani domin gur ya yi fari, hukumominsu suna kama su. Mu rufe wannan ƙofa tun ba a buɗe ta ba.

Na uku, kowane dunƙule a naɗe shi, a rubuta sunan gari da sunan mai dafawa da nauyi, a sayar da sikeli, a bar ciniki da ido.

Na huɗu, wannan rubutu aikin almajirai ne. Wanda ya iya rubuta allo ya iya riƙe littafin gwaji da ajami, shekara bayan shekara, har a san wace fadama ce ke ba da mai ƙanshi, wane iri ne, fari ko baƙi, ya fi daskarewa, wane wata ne sara ya fi kyau. Wannan ilmi ne mai amfani, kuma sana'a ce da ta fi yawo da ƙoƙo.

Na biyar, limamai su karanta babin ciniki a kan mumbari kamar yadda suke karanta babin tsarki. Labarin tsibin abincin da Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya sa hannu ya tarar da jiƙaƙƙe a ƙasa busasshe a sama, sananne ne ga kowane ɗalibi. Mai sa kyakkyawa a bakin kwali ya ɓoye ƙonanniya a ƙasa, shi ne mutumin nan.

Jawabi ga masu musu

In wani ya ce wannan koyi ne da mashaya, sai mu ce ba mu ɗauki kofinsu ba, ma'auni muka ɗauka, kuma ma'auni namu ne tun asali, domin cika mudu da tsare kasuwa daga algus suna cikin aikin muhtasibi tun ba a san Barbados ba. In wani ya ce malami ba ruwansa da kasko, sai mu ce ya buɗe Risala ta Ibnu Abi Zaid ko Muhtasar na Halil ya ga yawan abin da aka rubuta a kan saye da sayarwa. In wani ya ce farin sukari ya fi sauƙin samu kuma ya fi saurin narkewa a shayi, sai mu ce gaskiya ne, ba mu ce a kore shi ba, cewa muka yi a ba tamu daraja domin mai fadama ya sami abin da zai riƙe 'ya'yansa a gida.

Tambihi

Kada son abinmu ya kai mu ga ƙarya. Waɗansu masu talla suna cewa mazarƙwaila magani ce, har mai ciwon sukari ya sha ba kome. Wannan ba daidai ba ne. Tana da ɗan abin da farin sukari ya rasa na ma'adinai, amma mafi yawan jikinta sukari ne, tana ɗaga na jini kamar yadda farin ke ɗagawa. Likitocin duniya sun yi shawara a 2015 cewa babban mutum kada ya wuce wajen giram 50 na zaƙin da ake ƙarawa a yini, watau kamar ƙaramin cokali 12, kuma mazarƙwaila tana cikin lissafin. Wanda ya yi ƙarya domin ya sayar da halal, ya ɓata cinikinsa, ya kuma ɓata sunan da muke son ginawa.

Wannan shi ne abin da ya sawwaƙa. Muna roƙon shugabannin kasuwa da masu unguwanni da malaman tsangayu su zauna a kan maganar nan kafin saran rake mai zuwa, ko da gari uku ne suka fara. Wanda ya karanta ya karanta wa wanda bai iya ba, musamman masu fadama da masu kasko. Allah ya sa albarka a cikin gonakinmu da kasuwanninmu, ya tsare 'ya'yanmu daga abin da ke gusar da hankali, ya jiƙan waɗanda suka mutu a gonakin rake nesa da gida. Allah shi ne mafi sani. Haza wassalam.